Hancin Rafi'u

A bayan motar kamfani aka kawo Na'ibi, jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Ni kaɗai na sungume shi zuwa ɗaki, ga ƙafata ɗaya a ɗaure. Matarsa Mastura sai da ta dubi ƙafar tawa kafin ta dubi mijinta.

"Yau ba ranar aikinka ba ce, Rafi'u?"

"Ranata ce. Ƙusa na taka, ya karɓe ni."

"Ƙusa," in ji ta. "To, tayyib."

Gidana na jikin gidan Na'ibi a unguwar Mahjar ta Jidda, aikinmu kuma ɗaya: ɗaukar jakar sanduna a filin golf na wani kamfani, can bakin bahar. Fili ne ba ciyawa, yashi da gishiri kawai, kewayen ramukan an kwaɓe da baƙin mai. Ranar nan wasu Turawa baƙi suka zo, masu yawon wasa gari-gari, kashegari jirginsu zai tashi. Suna rami na shida hadari ya taso daga bahar. Na'ibi ya ce a koma. Baturensa ya yi dariya, wai a ƙasarsu cikin irin wannan ake wasa. Iska na dawo da ƙwallo baya, ruwa na dukansu a kaikaice, haka suka ƙarasa ramuka goma sha takwas. Su da rigunan ruwa, Na'ibi da tsohon tarinsa.

To, ku san ko ni wane ne. Da ƙafa na tako daga Haɗeja har Sawakin, inda ake tsallaka bahar, mu goma sha ɗaya, mu huɗu muka ga Jidda. Ko sunana ban iya rubutawa ba, amma duk Mahjar an san hancina. Ruwa a garin nan bai fi sau biyu ko uku a shekara ba, ni kuwa sai in shaƙi iska in ce, "Jibi." Magina na tambayata, masu biki na tambayata.

Abin da ya ja mini ke nan. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa: Rafi'u ya ji ƙanshin ruwa, ya ɗaure ƙafa, ya tura mai tari. A wurin shayi wani ɗan unguwa, Abdulghaffar, ya ce, "Ya shaikh, kwance mu ga ƙusar nan." Na kwance. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ramin ya yi ƙanƙanta.

Kwana na huɗu ƙirjin Na'ibi na ƙara kamar ana jan zarto. Ya ƙi a kai shi asibiti, don ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Da hantsi ya sa aka kira ni. Mastura na tsaye bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

"Maƙwabci," ya ce, "ba don rigima ba. Ka san za a yi ruwan?"

In na ce na sani, ni na kashe shi. In na ce ban sani ba, sunan da na yi shekara ashirin ina ginawa ya tafi. Na dubi labulen nan.

"Wallahi ban sani ba. Ban ma taɓa sani ba, Na'ibi. Akwai wani abu kamar agogo a bangon ofis. In allurarsa ta sauka, akawu ke raɗa mini ruwa na tafe. Makon nan akawun yana Makka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗan banza! Da za a yi sunan 'yata Jamilatu har zakara na ba ka, don ka shaƙa mini ko za a yi ruwa." Ya huta, sannan ya ce, "Halas. Na yafe zakaran."

Kashegari bayan azahar ya cika. Ni na wanke shi, ni na shiga kabarin na karɓe shi, da ƙafar tawa a kumbure. Babu wanda ya ce mini sannu.

Ranar uku na je bakin labulen, na yi wa Mastura ta'aziyya.

"Kin ji abin da na gaya masa. Ki faɗa wa mutane, in kin ga dama."



"Ka ce shekara ashirin kana ƙarya," in ji ta. "Ni yaya zan san ba a ɗakin nan ka fara ƙaryar ba?"

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni ma bakina bai iya ba.

Akwai wata 'yar taga a katangar da ke tsakanin gidajenmu, ta nan ake miƙo kwanon tuwo ranar Juma'a. Da na koma gida na tarar an toshe ta da garwa, garwar cike da yashi.