Ƙashin Maƙera

Tun da matarsa Huraira ta rasu, Mijinyawa bai damu da komai ba. Tuwo ya ƙone ko ya yi daɗi, duk ɗaya. Abu guda ya rage masa: wani tudu a gonarsa ta bayan garin Keffi, wanda bai taɓa sa wa fartanya ba. Ga shi kuma sabon titi zai bi ta kansa.

Fada Malachi, Baturen ƙasar Ayilan mai koyarwa a makarantar mishan, ya zo ya kewaya tudun, har da cire hula.

"Malam, a ƙasarmu akwai irinsa. Kaburburan mutanen da ne, tun kafin a san rubutu. Manomi ba ya taɓa su, kewayewa yake yi."

"Mu ma Baba ya ce ƙashin maƙera ne a ciki," in ji Mijinyawa.

Sai Fada ya shiga zarya ofis-ofis, Mijinyawa na biye da shi riƙe da lema, yana gyaɗa kai in an yi Turanci. Aka ce musu titin gwamnati ba ya kaucewa saboda matattun da ba su da suna.

Ranar da katafila ta iso, Mijinyawa ya tsaya a gabanta. Bai ji tsoro ba, bai ji fushi ba, ya dai ga ya kamata a ce wani ya tsaya. Leburori biyu suka ɗauke shi cak, suka ajiye a inuwa, har da sannu.

Katafila ta farke tudun. Babu ƙashi ko na ɓera. Wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule ne masu nauyi suka gangaro, irin dattin da ke saura in an narka tama.

Yayarsa Inno, da ta kawo masa kunu, ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Kai Mijinyawa, ashe kashin maƙera Baba ke cewa! Ka manta Hausarsa ta Gwandara ce? Mutumin da ke kiran ƙofa kofa?"

Ta yi dariya har da hawaye. Fada ya mayar da hularsa. Mijinyawa ya laluba cikin ransa ko zai sami kunya, bai samu ba, sai ya sha kununsa.

Da dattin aka yi cikon titin. Har yau nan ne kaɗai bai taɓa yin rami ba.