Haƙorin Gaban Auta

Yayata mace ce da ko ƙuda ya shiga falonta sai ya ji kunyar ƙafafunsa. Komai nata a wanke yake, a goge, a ninke. Shi ya sa ranar da likitar haƙori ta ce akwai ƙwayoyin cuta a bakin Auta, na ga fuskar Yaya ta canza kamar an zage ta a tsakiyar kasuwa.

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, tana aji uku a firamare. Ta faɗi a matakalar makaranta, haƙorinta na gaba ya karye rabi. Ta sha kuka, daga baya ciwon ya lafa, duk muka ce an samu sauƙi. Ashe jijiyar ce ta mutu. Sai da dasashi ya kumbura ya fara ruwa muka kai ta asibiti, ni ce 'yar rakiya.

Likitar ta haska hoton haƙorin a allo, ta nuna da bayan biro.

"Kin ga saiwar nan? Ba ta gama girma ba. A can ƙarshenta akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta, ki ɗauke su a matsayin magina. In muka share cikin haƙorin tas, za su iya ci gaba da gini, saiwar ta yi tsawo ta yi kauri. To amma ƙwayoyin cutar baki sun shiga ta wurin karayar. Muddin suna ciki, maginan ba sa aiki, wasu ma mutuwa suke yi."

"Likita, yarinyar nan safe da yamma a kanta nake tsayawa tana goge baki."

"Na gani, Maman Auta. Kowa yana da su, har ni. Ƙofa kawai suka samu."

Wannan bayanin bai shiga kunnen Yaya ba. Ita dai an ce akwai ƙazanta a jikin 'yarta, kuma tunda take ba ta taɓa ganin ƙazantar da ta gagare ta ba. Muna komawa gida ta dafa buroshin Auta a tukunya, ta ware mata kofi da cokali. Alewa ta zama haramun. Ni da nake sumbatar yarinyar a kumatu aka kafa mini doka. Ta riƙa dirje mata baki har dasashi ya yi jini, Auta tana riƙe da gefen famfo, hawaye na zuba.

Na ce, "Yaya, saura ki jefa ta a injin wanki." Ko murmushi ban samu ba.

Muka yi ta zirga-zirga. Likita ta wanke cikin haƙorin, ta zuba magani, ta toshe. Kumburi ya sauka, muka fara murna, sai ga shi ya dawo. Yaya ta ce a ƙara wa maganin ƙarfi mana. Likitar ta girgiza kai.

"In na ƙara, zai kashe cutar ya haɗa da maginan. In na rage, cutar ta farfaɗo. Ƙwayoyin cutar sun maƙale a jikin bangon saiwar, a wasu ramukan da ko allura ba ta shiga."

"To ki nuna mini wurin," in ji Yaya. "Ki ba ni abin, ni zan yi."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Tana tsaye da hannayen nan nata da sabulu ya cinye, ga abin da take son wankewa a bakin 'yarta, amma ba ta da hanyar kaiwa gare shi.

Zuwanmu na ƙarshe likitar ta daɗe tana kallon allo. Saiwar tana nan yadda take, gajera, siririya, ga wani baƙin tabo ya yi faɗi a ƙarshenta. Ta ce ciwon ya fara cin ƙashi, dole a cire haƙorin. Dasa na ƙarfe kuwa sai yarinya ta gama girma, kafin nan sai dai na roba.

Yaya ta zauna a kujerar da ke bayanta, ta riƙe jakarta a cinya. Ni kuma na ƙura wa takalmina ido.

Auta tana kwance a kujerar likita, an ɗaura mata farin ƙyalle a wuya. Ta ɗago kai ta dubi uwarta.

"Mama, ki daina damuwa. Ai wancan karon ma da ya fita wani ya fito. Wannan ma zai fito, ko?"

 Yaya ta juyo ta kalle ni, ni kuma na kalli likita, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana sa safar hannu.