Tutocin Mararraba

"Ka kai musu tsummokaran nan sito, Malam. Ka ajiye, su sa hannu, mu tafi."

"Tsummokara kika ce?"

"To me zan ce? Leshi?"

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasu, kuma ba ta kai rufi ba. Ina sa takalmi ina jin su. Baba Mai Tuta ne da matarsa, wadda duk layinmu ke ce wa Inna. Shi ke tsaron mararrabar da titin mota ya ratsa layin dogo, tun kafin a haife ni. In jirgi zai wuce ya sauke ƙarfe ya tare motoci, ya ɗaga wa direban jirgi koriyar tuta. In da matsala a kan layi ya ɗaga ja. Aikin ke nan.

"Dubi ƙafarka," in ji Inna. "Ta koma turmi. 'Yarka ta gyara maka ɗaki a gidanta, ta yi magana da likita, kullum sai ta kira. Me kake so in riƙa ce mata?"

"Ni ban ce ba zan je ba."

"Yaushe?"

"In an turo mutum."

"In ba a turo ba fa?"

Na ji jan silifas, na ji ƙofa. Ya tafi aiki, aikin da aka riga aka sallame shi daga gare shi.

Rumfar da nake facin taya tana kallon ɗan ɗakin tsaronsa, titi ne kawai a tsakani. Na gama sakandare, takardar tana cikin leda a ƙarƙashin katifa. Wani abokina yana aiki a garejin manyan motoci a wani gari, yana ta kira in taho, akwai wuri. Jakata a haɗe take. Kowace safiya sai in ce gobe, in fito in kunna injin iska.

In babu taya nakan tsallaka in zauna a bakin ƙofarsa. A nan na haddace hanyar ritaya ba tare da na taɓa aikin gwamnati ba. Yakan jero ta kamar tashoshin jirgi. Ya rubuta takardar sanarwa tun da wuri. Amsa ta zo. Aka ce ya kawo takardar haihuwa, da ta ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da hotuna. Ya kai. Aka ɗauki hoton yatsunsa. Mai sito ya sa hannu, na gidaje ya sa, akanta ya sa. Aka ba shi hutun barin aiki, ya cinye shi a kan kujerar nan tasa mai ƙafa ɗaya ta aro.

"Saura tasha ɗaya," ya ce mini. "Miƙa aiki. Wuri biyu ne a ƙasan takardar. Wanda ya miƙa, da wanda ya karɓa. Nawa na sa tuni."

Na biyun ne babu. Ba a turo kowa ba. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, shi kuma kullum yana nan da tutocinsa biyu a naɗe a kan cinya. Jirgin kaya ne, ba shi da lokaci. In ya taso, ma'aikacin tashar da ke gaba da mu yakan kira Baba a wayarsa. Shi ma bai daina kira ba. Ban sani ba ko ba a gaya masa ba ne, ko kuwa ba shi da wata lambar.

Wata safiya, jirgi yana wucewa ya ce in aro babur. "Ba zai dawo yanzu ba. Kai ni ofis."

Da ƙyar ya hau. A hanya ina jin numfashinsa a bayan wuyana, kamar tayar da ke sace iska.

Ofishin a bene yake. Muka huta sau biyu kafin mu kai. Jami'in ma'aikata mutum ne mai furfura a gefen kai, fayiloli sun kusa rufe shi. Ya miƙe ya ba Baba kujerarsa ta baƙi, ya sa aka kawo ruwa.

"Baba, na faɗa maka tun wancan zuwan. Kawo takardar in sa hannu a wurin wanda ya karɓa. Ka ajiye tutoci da usur a sito. Yau ɗin nan fayil ɗinka ya wuce."

"Kai za ka zauna a mararraba, ranka ya daɗe?"

Jami'in ya yi 'yar dariya, ya shafa kai. "A takarda ne kawai."

"Ai ba takarda ke tare mota ba."

"An dakatar da ɗaukar ma'aikata, Baba. Ba ni na dakatar ba. An ce za a sa ƙararrawa mai aiki da kanta."

"Yaushe?"

"Yana cikin tsari."

"Kafin nan fa?"

"Direba zai riƙa yin oda tun daga nesa."

"Akwai kwana kafin mararrabar," in ji Baba. "Akwai makaranta a tsallake. Masu babur kuma ka san su." Ya nuna ni da haɓa. "Ga irinsu nan."

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Muna fita jami'in ya riƙe mini hannun riga.

"Ɗanka ne?" Ya gyara. "Ina nufin, mahaifinka ne?"

"Maƙwabci."

"Ka lallashe shi. A wurinmu yanzu shi ba ma'aikaci ba ne, ba kuma ɗan fansho ba. Yana rataye. Ba na son haka ga tsoho."

A hanyar dawowa na ce, "Baba, ka ba ni mana. Ina nan kullum. Ka je asibiti ka dawo."

"An ɗauke ka aiki?"

"A'a."

"To."

Sai da muka kusa gida ya ƙara. "Ba rowa ba ce, ɗan nan. In ka ɗaga kore wani abu ya faru, kai za a kama, kuma ba wanda zai ce ya san ka. Ba a miƙa wa wanda ba a ɗauka ba."

Na ji haushi. Ban san dalili ba, don ba son aikin nake ba. Ranar na sake duba jakata.

Bayan wannan ƙarfin hannunsa ya fara tafiya. Ƙarfen yana da nauyi, sai an rataya a jikinsa kafin ya sauko. Rannan na ga ya rataya, ƙarfen bai motsa ba, jirgi kuma yana kuka a bayan kwana. Na yar da tayar da ke hannuna na tsallaka na ja. Ya tsaya ya ɗaga kore, direba ya yi masa oda gajeriya kamar kullum.

Daga ranar muka raba. Waya ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu, in zo in sauke.

"Ashe an ɗauke ni," na ce.

"Ƙarfe na kowa ne. Ko mai tallan ruwa ya ja, ya jawu. Tuta ce ba a bayarwa."

'Yarsu ta gaji da kira ta turo mota. Inna ta haɗa kaya tun da safe, ta kulle ɗaki, ta ba ni makulli. Maƙwabta suka fito. Ban san me ta gaya masa ba, amma ya fito da wankakkiyar riga, ya bari aka kama shi ya shiga baya. Tutocin suna hannunsa. Inna ta ce za su biya ta sito. Direba ya tayar da mota.

Sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

"Kar ka ɗauka," in ji Inna.

Ya ɗauka. Ya ce, "To. To, na ji." Ya buɗe ƙofa.

"Malam, mai faci zai sauke ƙarfen. Ba ga shi nan ba?"

"Wa zai ba direban jirgi hanya?"

"Wallahi in ka fita daga motar nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya zuro ƙafa ɗaya, ya jira, ya zuro ɗayar. Na kama shi muka tafi a hankali. Jirgin ya daɗe bai iso ba, da ya iso kuma dogo ne, ya yi ta wucewa. Kafin mu waiwaya an ce wani jirgin yana biye da shi da yamma. Direban motar ya jira har rana ta karkata, ya ce shi yana da wani aikin. Inna ta sauke kayanta da kanta, ta ƙi bari kowa ya taɓa.

Ta daina yi masa magana. Ni na zama waya. Takan kawo kwano ta ajiye a rumfata maimakon ɗakinsa.

"Ka gaya wa ma'aikacin gwamnati abincinsa zai huce."

In na kai ya ce, "Ka ce mata gwamnati ta gode."

"Ka ce masa gwamnatin da ta manta da shi."

"Ka ce mata gishiri ya yi yawa."

"Ka ce masa babu ko ƙwaya, likita ya hana. Bakinsa ne."

Amma na lura ta daina komawa gida. Takan zauna a bencina, ta juya wa ɗakinsa baya, tana tsifar wani tsohon zare. In ya yi tari hannunta ya tsaya.

Abokina ya kira ya ce in ban zo ƙarshen wata ba za a ba wani. Na ce ina tafe.

Ranar da abin ya faru rana ta yi zafi, titi ya cika. Yara sun taso daga makaranta. Waya ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu. Na sauke ƙarfe, na kori wani mai babur da ke son kutsawa ta ƙasa. Baba bai iya tashi ba, daga kan kujera ya ɗaga koren, ya tokare gwiwar hannu da ɗaya hannun. Direba ya yi masa oda. Taragu suka yi ta wucewa, ƙasa tana rawa. Da na ƙarshe ya wuce na ɗaga ƙarfe, motoci suka ɓarke, yara suka tsallaka da gudu.

Na juyo zan ce masa yau na kusa marin mai babur. Kansa yana jingine da bango. Ya fara naɗe tutar, ya kai rabi. Na ɗauka gyangyaɗi ne.

Inna ce ta gane, daga tsallaken titi, ba tare da na kira ta ba. Ta ajiye zaren. Ta ratsa motoci ba ta kallon kowa. Ta tsaya a kansa, ta daɗe. Sannan ta zare tutar daga hannunsa ta ƙarasa naɗewa.

Aka yi jana'iza, aka yi abin da ake yi. 'Yarsu ta zo, ta yi kuka, ta ce Inna ta shirya su tafi tare. Inna ta ce to, amma ba yau ba. Jirgi bai zo ba a kwanakin, kamar ya sani. Ɗakin tsaron yana buɗe, kujerar tana nan. Ni dai ban iya zama ba. In je rumfa, in dawo ɗaki, in kalli jaka, in koma rumfa.

Jami'in ma'aikata ya zo gaisuwa da kansa. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma a ƙofar gida, ya yi addu'a mai tsawo. Ina gefe. Da mutane suka ragu ya sassauta murya.

"Inna, ki yi haƙuri da maganar a irin wannan lokaci. Fayil ɗinsa zai canja hanya yanzu. Zan tsaya a kai da kaina. Za a buƙaci takardar asibiti, da shaidar magada. Kayan aikin kuma, tutoci da usur, a kai sito."

"Sito," in ji Inna.

"E. Ƙa'ida ce."

"Sito zai tsaya a bakin titi?"

Jami'in ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

A cikin ɗaki wayar Baba ta fara ƙara. Duk mun san ƙarar. Inna ta shiga, muka ji ta ce, "To." Ta saurara. "To, an ji."

Ban jira ba. Na fita da gudu ba takalmi. Yamma ce, titi a cike, masu babur suna ta ratsa layin. Na rataya a jikin ƙarfen ya sauko, wata tirela ta ci burki har ta girgiza. Ashe ƙugiyar da ke riƙe ƙarfen ta karye, dole sai an danne shi da hannu biyu, in ba haka ba ya koma sama. Na danne. Can bayan kwana jirgi ya yi kuka.

Da na ɗago na ga Inna tana tahowa, jami'in yana biye da ita, takalminsa a hannu. Ta rungumo tutocin biyu a ƙirji. Ta tsaya a gaban ɗakin tsaron, daidai inda ƙafafunsa suka cinye siminti. Ba ta warware su ba. Ta miƙa su wajen jami'in. Ya mayar da hannunsa baya, da takalmin da komai. Ta juyo ta miƙo mini. Hannuwana biyu suna kan ƙarfe, wayata kuma tana ta rawa a aljihu, na san abokina ne ke kira.

Kan jirgin ya ɓullo daga kwana. Direban ya leƙo ta taga yana neman kore. Ya yi oda gajeriya, ya jira, ya sake yi.

Inna tana tsaye da tutocin a miƙe, iska tana kaɗa bakin jar.

"To wa zai karɓa?" ta ce.