Ɗakin Tsaye

Iya ta iso bakin ƙofar gidan yari a kan keken guragu, autarta na turawa. An ce tsohon gidan yarin zai koma gidan tarihi, kowa ya shiga ya gani, har makaho da gurgu, shi ya sa aka kira masu keke su gwada hanya kafin a buɗe. Iya kuwa ba gwajin hanya ya kawo ta ba. Nan aka tsare mijinta, tela, don ya ɗinka wa masu zanga-zanga tuta. Ta zo ganin ɗakin da ya cinye masa ƙafafu.

"Iya, ko mu koma? Hannunki ya yi sanyi ƙalau."

"Tura ni, 'yar nan. Ubanki da aka kawo, an tambaye shi ko zai koma?"

Matakalar da take hawa a da, da kwanon abinci a ka, ta ɓace, an zuba gangare da ƙarfen riƙewa. Bango ya sha farin fenti. Amma warin tsatsa da danshi na nan daram. Can ciki wani ya kaɗa makullai, sai ta ji fitsari na neman kuɓuce mata. Ta san mai gadi ne kawai, amma cikinta bai yarda ba.

Injiniyar aikin, wata matashiya mai hular kwano, ta taryo su da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Kin gani, ko'ina keke na shiga. Ɗakunan horon ma da suka yi ƙunci, mun fasa bangon tsakani mun faɗaɗa su."

Aka tura Iya cikin ɗaya daga cikinsu. Keken ya juya son ransa, har da sauran fili.

"Wannan ne ɗakin horo? Ai ya fi ɗakin kwanana!"

Tela ya faɗa mata yadda yake. Ɗakin tsaye suke ce masa: ba zama, ba kwanciya, in ka lanƙwasa gwiwa ta daki ƙofa. Ya fito ƙafafu kumbure kamar turmi, bai sake taka keken ɗinki ba har ya koma ga Allah. Ba wanda ya taɓa cewa a yi haƙuri. Yanzu wani tsoron ya shige ta, wanda ya fi na makullai. Jikokinta za su zo, su zagaya wannan falo, su ce ashe kakansu tela ƙari ya yi.

Daga ƙarshen layi ta ji ƙarar guduma. Ɗaki ɗaya ya rage, siriri kamar akwatin gawa da aka jingine, magini ya fara saran gefensa.

"Kai mai guduma! Sauke hannunka!"

"Mama, ƙa'ida ce," in ji injiniya. "Dole kowane ɗaki mai keke ya iya shiga. Dominku muke yi."

"Domina? Ga ni, ni ce gurguwar. Na aike ki? Sun karya mijina yana raye, ke kuma za ki ƙaryata shi yana kabari!"

Ta sa auta ta kai ta bakin ɗakin. Ta kama ƙarfen ƙofa ta miƙe da ƙyar, ta cusa kanta ciki, kafaɗunta na gogar bango dama da hagu.

"Rufe."

"Iya, don Allah..."

"Na ce rufe!"

Duhu ya haɗiye ta. Numfashinta na dukan ƙarfe yana dawo mata a fuska. Ƙafafun suka saki, ta tafi za ta faɗi, sai ta tarar babu wurin faɗuwa, gwiwoyi suka cije da ƙofa, baya ya manne da bango, ta rataye a tsakani. Ta so ta daure, ta yi wa mijinta ko 'yar kara. Ina! Sai ta ji wata murya na kururuwa, tana kiran tela da sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban 'ya'ya ba, ashe tata ce.

Da ƙofar ta buɗe, a hannun magini ta zube. Zaninta ya jiƙe. Ba ta ɓoye ba.

"Saura ke," ta ce wa injiniya. "Shiga, sannan ki fasa."

Injiniya ta dubi ɗakin, ta dubi zanin. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, hular ta bugi bango, ta ja da baya da sauri kamar ta taka wuta.

"Kwashe kayanka," ta ce wa magini a hankali. "Wannan a bar shi. Masu keke su gani daga bakin ƙofa."

Iya ta damƙe hannun autarta.

"Fitar da ni daga gidan nan. Kuma ki ce wa mai makullan can ya daina kaɗa su sai na wuce."