Digiri Tara Zuwa Dama

Duk wanda ya zauna da Malama Safinatu ya san akwai magana ɗaya da ke yi mata nauyi a baki, wato "na yi kuskure". Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Gumel, kuma a gaskiya ba ta cika yin kuskuren ba, abin da ya ƙara mata taurin kai ke nan.

Mahaifinsu, marigayi Malam Siddiq, ya bar wani fili a Sule Tankarkar da wasiyyar a gina masallaci. Da kaka ta yi, 'ya'yansa suka haɗa ƙarfi za a fara aiki, sai gardama ta tashi a kan alƙibla. Wayoyi uku aka fito da su, kowace da inda kibiyarta ta nuna. Safinatu ta ce a bar mata. Ba a yi mako guda ba da ƙanenta Ɗahiru, direban babbar mota tsakanin Maigatari da Damagaram, ya yi mata tsarabar wata kwankwaleta ta hannu, wato na'urar lissafi, irin mai faffadan gilashi da ke zana layin lissafi. Rubutunta duk Faransanci ne, amma Safinatu ta ce ai lamba ba ta da yare.

Ran Asabar ta kafa sanda a filin, ta fitar da arewa da inuwar tsakar rana, ta danna lambobin taswira na garinsu da na Makka, na'ura ta ba ta kusurwar saba'in da takwas daga arewa. Ta auna da babban ma'aunin kusurwa na katako da ta aro daga makaranta, ta ce a ja igiya.

Baba Hussaini magini, aminin mahaifinsu, ya daɗe yana kallon igiyar. Shekara arba'in yana gini, shi kuwa da mahudar rana yake awonsa, da tsohon masallacin unguwa. Tun da safe ya riga ya kafa nasa turken. Ya ce a hankali, shi dai a ganinsa igiyar ta karkata dama.

"Baba, wannan lissafi ne, ba kintace ba," in ji ta, a gaban liman da samarin unguwa da kowa.

Tsohon ya juya wurin samari. Ya sa aka haƙa inda ta nuna. Kwana biyu samari suna gayya, ramin harsashi ya kammala, aka tsayar da safiyar Laraba don zuba kankare.

Ran Talata tana aji da 'yan shekarar ƙarshe, ta ce yau za su ga yadda layin sayin, wato sine na kusurwa, ke hawa da sauka, ya koma inda ya faro a digiri ɗari uku da sittin. Ta saita iyakar gilashin daga sifiri zuwa ɗari uku da sittin, ta danna. Layin ya hau, ya sauko, ya nutse ƙasa, ya fara tasowa, sai gilashi ya ƙare bai iso gida ba. Ta ɗauka yatsanta ne ya zame, ta sake. Haka dai. Ta faɗaɗa iyakar zuwa ɗari huɗu da hamsin, sai ga shi layin ya rufe a kan ɗari huɗu cif. Ta danna sayin talatin, wanda ko 'yar aji huɗu ta san rabi ne, na'ura ta ba ta wata lamba ƙasa da rabi. Nan take ba darasin ne ya zo mata a rai ba, ramin da ke Sule Tankarkar ne.

Ta bar wa ɗalibai aiki ta fita gindin darbejiya, ta kira Ɗahiru. Yana Maigatari ana yi masa lodin wake. Ta tambaye shi wa ke da na'urar nan kafin ita, ya ce wani tsoho ne a Damagaram, mai awon filaye ne da ya ajiye aiki. Sai ta tuna wani abu da aka taɓa ambata musu a jami'a suka yi watsi da shi, cewa akwai masu awon ƙasa da ke raba da'ira gida ɗari huɗu. Ashe da ma'aunin tsohon Damagaram ta yi lissafi, ta zo ta auna da nata.

Tun da aka kawo na'urar ba ta taɓa buɗe shafin saitinta ba, tana gudun kada ta taɓa abin da ba za ta iya mayarwa ba. Yanzu kuwa ta buɗe. Layi bayan layi na Faransanci, ta riƙa karanta wa Ɗahiru yadda bakinta ya iya, yana dariya yana fassarawa da ɗan abin da ya tsinta a tasha, har suka iso layin kusurwa. Zaɓi uku ne a jere, na ukun ne a duhunce. Ta matsar da alamar zuwa na farko, na digiri, ta tabbatar. Sayin talatin ya ba da rabi. Layin ya rufe a ɗari uku da sittin. Ta sake danna lambobin alƙibla sau uku, sau ukun sittin da tara.

Ɗahiru ya ce shi a shawarce ta ja bakinta. Ai ya sha jin malamai suna cewa wanda ke nesa da Ka'aba fuskantar ɓangaren da take ya ishe shi, digiri tara ba zai ɓata sallar kowa ba, kuma ba mai sani. Ta san ba ƙarya ya faɗa ba, kuma har ga Allah ranta ya so shawarar. Amma sunan mahaifinta za a rubuta a jikin bangon nan, sannan tsohon da ta gwale a gaban yaransa shi ne mai gaskiya. Ta ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kankare kuwa in ya bushe sai guduma. Ta nemi izini wurin shugabar makaranta, ta rungumi ma'aunin katakonta ta nufi tasha.

Bayan La'asar ta isa. An tara yashi da tsakuwa, ana jera rodi, mutanen ran Asabar kusan duk suna nan. Ta so ƙwarai a ce Baba Hussaini shi kaɗai ne, amma ta ga tunda a bainar jama'a ta yi maganar, a nan ya kamata ta janye ta. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, na yi kuskure. Na'urar ba a kan ma'auninmu take ba, ni kuma ban duba ba. Igiyar ta karkata dama kamar yadda ka faɗa. Ka yafe mini abin da na ce maka."

Samarin da suka sha haƙa suka fara gunaguni, wani ya jefar da shebur. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta, amma ba ta tashi ba. Liman ya ce in an bar ramin ma salla ta yi. Baba Hussaini ya ce salla ta yi, amma shi ba zai ɗora bulo a kan abin da mai awon da kanta ta ce ba daidai ba ne, ramin da hannu ya haƙa ai hannu zai cike.

Ya miƙa mata bakin igiya. Ta ɗora ma'auninta a kan layin arewa da ta shata ran Asabar, ta auna sittin da tara, aka ja. Tsohon ya bi igiyar har ƙarshe, ya ture wani bulo da ƙafa, sai ga turkensa na ran nan, ashe bai cire ba. Tsakaninsa da igiyar bai fi taƙi ɗaya ba.

Safinatu ta ce a bi nasa kawai, ita yau ba ta da bakin magana.

"Kin duba na'urar da kyau yanzu, 'yar Malam?"

"Sau uku, Baba."

Ya sunkuya ya tuge turkensa, ya matsar da shi taƙi ɗaya zuwa gindin igiyarta, ya buga da dutse. Sannan ya ɗauki sheburin da aka jefar ya fara mayar da ƙasa cikin ramin.