Talata da Juma'a

A daidai kwanar babbar kasuwa Lukmanu ya ji nauyin da ke bayansa yana zamewa gefe. Ya taka birki, ya kafa ƙafa a ƙasa, ya cafko rigar Muktar kafin ya kai ga kwalta. Wata mai sayar da gyaɗa ta miƙo musu zani, aka ɗaure Muktar a bayansa kamar goyo, dattijo mai shekara hamsin da biyu. Haka suka lallaɓa har unguwar Marouaré, kansa a kafaɗar Lukmanu.

Lukmanu tela ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Muktar. Shekara biyu ke nan, kowace Talata da Juma'a, yana rufe shago ya kai maƙwabcinsa wankin ƙoda a kan moto, wato babur, ya kuma dawo da shi. Wani lokaci Muktar kan fito da ƙarfinsa har yana tsokanar 'yan hanya. Wani lokaci kuma injin ya janye masa ruwa da yawa, sai jiri, kamar yau.

Da Muktar mahauci ne a mayankar Garoua, ƙato, mai kayar da sa shi da mutum ɗaya. Yakan ce shekara talatin yana ciro ƙoda daga cikin shanu yana sayar wa masu tsire, bai san aikinta ba sai da tasa ta tsaya. Yanzu hannunsa na hagu ya yi ƙulli-ƙulli inda ake soka allura. An hana shi ayaba da mangwaro da gishiri. Abin da ya fi cin ransa shi ne ruwa. Rabin lita aka yanka masa a yini, a garin da zafin watan Afrilu ke sa kwalta ta yi laushi. Matarsa Hindu ta zana wa kwalbar ruwansa layi da jan farce, kuma idan ƙishi ya matsa masa sai ya kurkure baki ya tofar.

Likita ya daɗe da gaya musu cewa a Yaoundé ana dashen ƙoda, idan an samu mai bayarwa. Ƙaninsa Isa ya baro gonar shinkafarsa a Maga ya zo, aka auna shi, aka tarar da ciwon suga. 'Yarsa Fiddausi, mai koyarwa a Dougoï, ta ce ita za ta bayar. Muktar ya ƙi. Ya ce ko haihuwar fari ba ta yi ba, kuma duk bayanin da likita ya yi bai shiga kunnensa ba. Sauran dangi kuwa kowa ya zo dubiya da addu'a mai kyau, babu wanda ya tayar da maganar. Wasu suna ganin haramun ne, duk da liman ya faɗa a masallaci cewa ba haka ba ne.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Lukmanu ya je an duba jininsa, kuma irin na Muktar ne. Honorine, ma'aikaciyar jinyar da ke soka wa Muktar allura, ita ta karanta masa takardar. Ta ce wannan matakin farko ne kawai, akwai gwaje-gwaje da yawa, kuma wanda ba dangi ba sai an bi ta hannun hukuma. Ta ce a shekarunta a wurin, waɗanda wani ya fito dominsu ba su cika yatsun hannunta ba. Lukmanu ya naɗe takardar ya sa a aljihun keken ɗinki. Mako uku tana nan. Idan ya buɗe zai ɗauki zare ya ganta, sai ya tuna 'ya'yansa huɗu, ya tuna wuƙar likita, ya rufe.

Ranar da aka yi wa Muktar goyo, bayan sun kwantar da shi a zaure, Lukmanu ya kasa tafiya. Ya zauna a bakin tabarma ya faɗi komai, har da makonni ukun.

Muktar ya juyo ya dube shi. "Tela, ka gaya wa Hajjo?"

"Ban gaya mata ba, Yaya."

"To, je ka gaya mata tukun. Jikin nan ba naka ba ne kai kaɗai. In ta ƙi, ni da kai muna nan yadda muke."

Hajjo, matar Lukmanu, ta saurare shi tana tsince wake. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Ranar Juma'a da safe, yana fito da moto, ta tsaya a ƙofa ta ce in za a yi, da ita za a je Yaoundé, ba za ta zauna a gida tana jiran waya ba. Honorine ta sama musu ganin likita ranar Talata.

Daga Juma'a zuwa Talata ne tazarar da ta fi tsawo, ruwa kan taru a jiki. Ranar Litinin da hantsi Lukmanu ya leƙa ya ga ƙafafun Muktar sun kumbura, yana zaune a jingine saboda kwanciya na toshe masa numfashi. Ya ce su tafi asibiti yanzu. Muktar ya ce gobe ce ranarsa, yau kujerun wankin na wasu ne, kuma ya sha ganin irin wannan. Har ya tambaya ko a Yaoundé ana samun nama mai kyau.

Ana kiran azahar Lukmanu yana kan keken ɗinki ya ji Hindu ta kira sunansa ta kan katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya tarar da Muktar ya kife gefe. Suka sa shi a motar wani maƙwabci, amma kafin su fita unguwa Lukmanu, da ke riƙe da kansa, ya san an gama. Mahauta suka rufe rumfuna suka zo da yawa. An binne shi bayan la'asar.

Washegari Lukmanu ya tashi da wuri kamar kullum. Ya ga bai kamata Honorine ta ji a bakin wasu ba, sai ya tafi asibiti. Ta saurare shi, ta dafa ƙirji, ta yi masa gaisuwa da Fulatanci, sannan aka kira ta ciki saboda an kawo sabuwar marar lafiya daga Mora.

A waje mijin matar na tsaye cikin rana, riƙe da takalmanta da ledar magani. Ya tambayi Lukmanu awa nawa ake yi.

"Huɗu," in ji Lukmanu. "Zo nan gefen, inuwar ba ta barin wurin sai azahar."

Mutumin ya zauna a gindin bango, ya ajiye takalman a gabansa ya daidaita su. Lukmanu ya tsaya kaɗan da makullin moto a hannu, sannan ya tattara rigarsa ya zauna kusa da shi.