Digiri a Kan Hular Moro

Ni dai ban taɓa ganin karatu irin na Saudatu ba. Yarinya ta taso tun daga Zariya, an kai ta jami'a a Birmingham, wai don ta kama ƙwari! Ba ma sauro mai cizo ba, wasu 'yan mitsi-mitsi masu dogayen ƙafafu da ba sa fitowa sai sanyi ya kai sanyi.

A Janairun 2004 ta sauka gidanmu a unguwar Gorton ta Manchester, da yake ƙawar 'yata Mubarika ce. Malaminta ya ce in ba ta kawo mazan ƙwarin arba'in daga Manchester ranar Litinin ba, sai hunturun baɗi, ga shi tallafin karatunta a watan Yuni zai ƙare. Kwana uku tana yawo da raga, bakwai kacal ta samu. Wallahi ta ba ni tausayi.

Ranar Asabar bayan la'asar maigidana Moro ya fita bayan gida da farar hularsa. Ina wanke-wanke sai Saudatu ta ce, "Mma, duba!" Ƙwari sun yi dandazo a saman hular, suna yin sama suna yin ƙasa. Ya matsa, suka bi shi. Ta ce haka mazan suke, sukan sami abu mai haske su yi ta rawa a kansa suna jiran mata.

Na ce, "To kai raga mana!"

"A kan Baba? Ni? Allah ya kiyaye."

Kun ji 'yar Zariya! Gaskiyarta kuwa, don Moro sanƙo gare shi, kuma shekara talatin bai taɓa bari baƙo ya gani ba. Muka ɗora wata hula a kan sanda, ƙwari ko kallo. Rana kuma na shirin faɗuwa.

Na leƙa na ce, "Alhaji, tsaya cak."

"Lafiya?"

"Digirin yarinya ne a kanka."

Saudatu ta matsa, ta ce, "Baba, ka yafe mini," ta kai raga. Fyau! Ƙwari da hula duk suka shige, sanƙo ya bayyana fes. Na toshe bakina da mayafi. Ita kuwa ta durƙusa, hawaye taf, tana ƙoƙarin buɗe ragar ta miƙa masa hularsa.

Moro ya daka mata tsawa. "Ke! In kin buɗe ai sun gudu. Ƙirga su tukuna."

Ta ƙirga ta jikin raga: ashirin da shida. Kafin ta rufe baki, sauran ƙwarin sun dawo sun taru a kan sanƙon, don ya fi hular sheƙi.

Ya ɗaga ido ya dube su. "Saura nawa?"

"Bakwai, Baba."

Ya runtse ido, ya gyara tsayuwa. "To bismillah, 'yata. Amma a hankali, wannan hular ba a cire ta."